Kwana tara da barin sigari: yaushe wannan wahalar za ta sake ni?

"Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne, shekaruna 39. Na shekara 17 ina shan sigari, kara 15 zuwa kwali guda a rana. Yau kwana tara ke nan ban sa ta a baki ba. Amma wallahi ba na jin daɗin jikina. Barci ya ƙaurace mini, tari ya fi na da, abu kaɗan sai in hau faɗa, har maiɗakina ta ce gara lokacin da nake sha. Yayana ya bari shekara shida da suka wuce, kullum sai ya ce mini shi bai ji komai ba, jefar da kwalin kawai ya yi. Na taɓa bari har wata uku, kara ɗaya na karɓa a wajen wani ɗaurin aure na koma. Ni ne ba ni da ƙarfin zuciya, ko haka abin yake? Akwai ranar da zan waiwayo in ga wannan ya wuce?"

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara dauriya. Abu uku ka tambaya a dunƙule: ko abin da kake ji alamar rauni ce, yaushe zai sake ka, kuma me ya sa labarin yayanka bai yi kama da naka ba. Na daɗe ina duba masu ciwon ƙirji da matsalar numfashi, kuma da wuya mako ya wuce ban zauna da mai irin halin da kake ciki ba. Tun farko bari in kwantar maka da hankali: duk abin da ka lissafa, babu ɗaya da ya zo mini baƙo. Haka abin yake, kuma a kwana na tara ka riga ka haye tudun da ya fi kowanne tsayi.

Abin da ke faruwa a jikinka

Sinadarin da ke ɗaure mutum a jikin taba shi ne nikotin. Idan ka zuƙi hayaƙi, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, ya sa ta saki wani sinadari da ake kira dofamin, wanda ke ba mutum ɗan jin daɗi da natsuwa. Sai dai nikotin ba ya daɗewa a jini. Bayan awa biyu rabinsa ya fita, shi ya sa mai shan taba ke laluba aljihu duk bayan awa ɗaya ko biyu. Shekara 17 ƙwaƙwalwarka tana samun wannan abu a kan kari, har ta ƙara yawan wuraren da ke karɓarsa, ta gina tafiyar da al'amuranta a kansa. Ranar da ka yanke, sai duk waɗannan wurare suka wayi gari babu komai. Fushin da kake ji, da rashin barci, da kasa tara hankali a kan ɗinki, da yawan jin yunwa, duk kukan wannan rashin ne.

Wannan kuka yana da lokacinsa. Yakan fara cikin awa 24 na farko, ya kai ƙarshen zafinsa a kwana na biyu zuwa na uku, daga nan ya riƙa sauka, kuma ga yawancin mutane ya lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Hoton ƙwaƙwalwa da aka ɗauka na waɗanda suka daina ya nuna cewa wuraren karɓar nikotin ɗin nan suna komawa daidai da na wanda bai taɓa sha ba bayan kamar mako shida zuwa 12. Abin da kan daɗe bai tafi ba shi ne yawan cin abinci, da kuma ƙawar taba da kan zo jefi-jefi.

Ita ƙawar, ina so ka lura da ita da agogo a hannu. Mutane suna ce mini "yini nake yi ina jin ta", amma idan na sa su duba lokaci sai su ga tana zuwa ne ta tafi, minti uku, minti biyar, da wuya ta wuce goma. Tana tasowa, ta yi ƙarfi har ka ji kamar ba za ka iya ba, sannan ta faɗi da kanta, ko ka sha ko ba ka sha ba. Wanda ya gane haka da idonsa, tsoronta yakan ragu ƙwarai.

Game da ƙarfin zuciya kuwa, ga abin da bincike ya nuna: cikin mutum 100 da suka yi yunƙurin dainawa ba tare da magani ko taimakon kowa ba, uku zuwa biyar ne kan kai wata shida zuwa shekara ba su koma ba, kuma mafi yawan masu komawa a cikin kwana takwas na farko suke komawa. Kai kana kwana na tara. Marar ƙarfin zuciya ba ya kawowa nan.

Sabo na hannu da sabo na wuri

Nikotin rabin labarin ne. Ɗauki kara 15 a rana, kowane kara zuƙa goma. Zuƙa 150 ke nan kullum, sama da 54,000 a shekara, kusan miliyan ɗaya a shekara 17. In ban da taka keken ɗinki, da wuya akwai motsin da jikinka ya maimaita haka. Kuma kowace zuƙa ta manne da wani abu: bayan shayin safe, bayan ka gama yanka yadi ka miƙe baya, lokacin da aka ɗauke wuta aiki ya tsaya, bayan tuwon dare, a majalisa bayan isha'i. Nikotin ya riga ya fita daga jininka tun kwanaki, amma waɗannan wurare suna nan, kuma kowanne yana kiranka da sunanka.

Na taɓa duba wani direban babbar mota da ya ce mini a gida ba ya ko tunawa da sigari, amma da ya hau mota ya tayar da inji, sai ya tarar hannunsa na dama ya riga ya kai aljihun gaba. Abin da muka yi ba wani abu mai wuya ba ne. Ya wanke motar ciki da waje har warin ya fita, ya fitar da ashana da abin zuba toka, ya sa asuwaki a aljihun da kwalin ke zama. Hannun ya ci gaba da zuwa aljihun, sai dai yanzu asuwaki yake tararwa. Ya ce mini a makon farko ya tauna asuwaki fiye da wanda ya tauna a shekara guda.

Kai ma ka zauna ka lissafa naka wuraren, ka ba kowanne abin da zai maye gurbi. Ba a fafe gora ranar tafiya: kada ka bari sai ƙawa ta taso sannan ka fara tunanin abin yi. Ajiye ruwa mai sanyi kusa da keke, da aya ko gyaɗa ko dabino kaɗan. In an ɗauke wuta, tashi ka fita ka zaga layin. In ka gama cin abinci, kada ka zauna a wurin, miƙe ka wanke baki. Mai teburin da kake sayen kara-kara a wurinsa, sauya hanya na wata guda, ko ka faɗa masa gaba da gaba cewa ka bari, kada ya ba ka ko da bashi. Dokar taƙaita shan taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, amma kai da ni mun san ana sayarwa a kowace kwana, kuma wannan sauƙin samun kara ɗaya shi ne ya fi kayar da mutanenmu. Majalisar da ake busa hayaƙi kuwa, ka ba ta hutu. Abokan kirki za su fahimta.

Barci, shayi da goro

Ga wani abu da kusan kowa bai sani ba, kuma ina zargin yana cikin abin da ke hana ka barci. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa ƙone sinadarin kafin, wanda ke cikin shayi da kofi da goro, da sauri fiye da ƙa'ida. Da ka daina, hanta ta koma tafiyarta ta asali, sai kofin shayin da ka saba sha ya riƙa yi maka aikin kusan biyu. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne mutanenmu da yawa in sun bar sigari sai su koma wa goro, suna tauna daga safe har dare don baki ya sami abin yi. Sakamakon shi ne bugun zuciya, rawar hannu, ido biyu har asuba, sannan a ɗora wa rashin taba laifi. Rage shayi da kofi da goro zuwa rabin abin da ka saba, kuma daga la'asar kada ka ƙara taɓa su. Mutane da dama barcinsu ya dawo da wannan kaɗai.

Wannan canji na hanta ya shafi wasu magunguna ma, kamar theophylline na masu asma, da clozapine da olanzapine na masu larurar ƙwaƙwalwa. Duk mai shan magani kullum, har da mai ciwon suga, ya gaya wa likitansa ya daina taba don a duba ko za a gyara masa awo.

Idan ka yi mafarki kana shan sigari ka farka a firgice, kada ka ɗauka wata alama ce. Yana faruwa ga mutane da yawa, har bayan shekaru.

Tarin da ya ƙaru

Hanyoyin iska na huhu suna da wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, aikinsu share majina da ƙura zuwa sama. Hayaƙi yana kashe musu ƙarfi. Da ka daina sai su farfaɗo su kama shara, abin da ya taru ya fara fitowa. Shi ya sa tari da kaki kan ƙaru a makonnin farko kafin su ragu. Wasu kan sami ƙurajen baki ko taurin bayan gida, su ma suna wucewa.

Amma a nan dole in tsaya a inda iyakata take. Ban gan ka ba, ban sa abin awo a ƙirjinka ba, kuma a ƙasarmu ba kowane tari ake jingina wa taba ba. Idan tarin ya kai mako biyu tare da zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, je a gwada kakinka don tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Idan ka ga jini a kaki, ko numfashi ya yi maka wuya, ko ka ji ciwon ƙirji mai danna ka kamar an ɗora dutse, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, kada ka jira gobe. Haka kuma idan baƙin ciki ya yi nauyi har ka daina jin daɗin komai, ko tunanin cutar da kanka ya zo maka, wannan ya wuce zafin barin taba, ka ga likita da gaggawa.

Akwai magani?

Akwai, kuma neman sa ba gazawa ba ne. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko ga likitoci kan taimaka wa manya su bar taba, ta amince da maganin maye gurbin nikotin, da ƙwayoyin varenicline, da bupropion, da cytisine. Na farkon yana zuwa a matsayin filasta da ake mannawa a fata, ko cingam, ko alewar tsotsa. Yana ba jiki nikotin kaɗan-kaɗan ba tare da kwalta da gubar hayaƙi ba, sai a riƙa ragewa cikin wata biyu zuwa uku. Cingam ɗin ba a tauna shi kamar na yara. Za ka tauna kaɗan har ka ji yaji-yaji, ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi ka sake taunawa. Haɗa filasta da cingam ya fi amfani da ɗaya kaɗai. Varenicline da bupropion sai da rubutun likita, kuma bupropion ba a ba mai farfaɗiya.

Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce ba kowane kemis ke da waɗannan ba, in an samu ma da tsada, kuma yawancin waɗanda na ga sun bari a wurinmu ba da su suka bari ba. Tunda ka kai kwana tara, in kana jin abin yana sauka, ci gaba a haka. In kuwa ka ga ƙawar tana neman fin ƙarfinka, gara cingam ɗin nikotin sau dubu da kara ɗaya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne musanya sigari da shisha ko taba gari, don duk taba ce, ko neman ƙwayar barci da maganin tari mai sa maye a kemis. Na ga waɗanda suka fita daga rami suka faɗa rijiya ta wannan hanya.

Maganar maiɗakinka

Kada maganarta ta yi maka ciwo. Ita ce ke karɓar zafin, kuma ba wanda ya gaya mata yana da ranar ƙarewa. Zauna da ita a lokacin da kake cikin natsuwa, ka ba ta haƙuri, ka ce mata likita ya ce mako biyu zuwa uku nan gaba abin zai lafa. Ku yi yarjejeniya: in ka ji ranka ya fara ɓaci, za ka fita tsakar gida ko ƙofar gida minti goma, ita kuma ba za ta bi ka da magana ba. Ka kuma gaya mata cewa hayaƙin da ka daina kawowa ɗaki, ita da yara ne suka fara hutawa da shi. Binciken da aka tattara kan waɗanda suka daina ya nuna cewa bayan makonnin farko damuwa da ƙuncin rai suna raguwa, har su yi ƙasa da yadda suke lokacin da ake sha. Mutumin da za ta samu bayan wata biyu ya fi wanda take kewa sanyin hali.

Yayanka, da abin da waiwaye ke ɓoyewa

Wannan shi ne ɓangaren da na fi so ka riƙe. Ban ce yayanka ƙarya yake yi ba. Mutane sun bambanta: wanda ke kunna ta farko cikin rabin awa da tashi daga barci ya fi kamuwa, kuma ya fi shan wuya, fiye da wanda sai bayan azahar yake tunawa da ita. Yana yiwuwa nasa ya zo da sauƙi. Amma akwai abin da na gani sau da yawa har na daina mamaki. Mutum zai zauna gabana a makonsa na farko, ido ja, yana cewa "Likita, ba zan iya ba." Na rubuta a katinsa. Bayan shekara biyu ya dawo da wata larura dabam, in tambaye shi yaya ya ji lokacin da ya bari, sai ya ce, "Ai ba komai, niyya kawai na yi." In karanta masa abin da ya faɗa da bakinsa, sai ya yi shiru yana kallon katin. Zuciya tana riƙe nasarar ta saki zafin. Ka tambayi matar yayanka yadda watan farko ya kasance, wataƙila labarinta ya bambanta da nasa.

To, amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce e, ranar tana zuwa, kuma ta fi kusa da yadda kake zato. Waɗanda suka daɗe da bari, in suna ba ni labari, ba ranar da suka jefar da kwali suka fi ambata ba. Sukan tuna ranar da suka ji ƙamshin miyar gidansu tun daga zaure, ko ranar da suka hau bene ba su tsaya ba, ko daren da suka kwanta sai suka lura yini guda ya wuce sigari ba ta faɗo musu a rai ba. Wani dattijo ya ce mini abin da ya fi taɓa shi shi ne jikarsa ta daina kau da kai in ya ɗauke ta.

Sai dai wannan mantuwar da ke kawo sauƙi ita ce kuma tarkon, kuma kai ka riga ka taɓa faɗawa cikinsa. A wata na uku jiki ya yi daɗi, wahalar kwanakin farko ta dushe, abin da ya rage a tunani shi ne daɗin zuƙar bayan cin abinci. A wannan hali aka miƙo maka kara ɗaya a wajen ɗaurin aure, zuciya ta ce ai yanzu ka fi ƙarfinta. Wuraren karɓar nikotin ɗin nan ba sa manta hanya. Kara ɗaya yakan tashe su, kuma mafi yawan waɗanda suka ɗanɗana sau ɗaya suna komawa gaba ɗaya. Wancan wata ukun bai tafi a banza ba, ya nuna maka daidai ƙofar da ɓarawon ke shigowa. Shirya amsarka tun yanzu, gajera, ba tare da dogon bayani ba: "Na gode, ba na sha." Kada ka ce "ina ƙoƙarin bari", don wannan yana gayyatar a lallashe ka.

Ga abin da kake saye da wannan wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin awa 12 iskar guba ta kabon monoksayid, irin wadda ke cikin hayaƙin janareto, take sauka daidai a jini, bayan shekara guda haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya ya ragu da kusan rabi, bayan shekara goma na kansar huhu ma ya koma kusan rabi. Akwai kuma binciken da Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara a kan likitocin Birtaniya a 1951, aka bi su shekara 50. Sakamakon da aka fitar a 2004 ya nuna masu shan sigari suna rasa kimanin shekara goma na rayuwa, amma wanda ya bari yana da shekara 40 yakan ceto kusan tara daga ciki. Rai a hannun Allah yake, mu dai an umarce mu da kiyaye amanar jiki, kuma kai kana 39.

Nauyinka zai iya ƙaruwa da kilo huɗu ko biyar a shekarar farko. Kada ya dame ka yanzu. Tafiyar ƙafa ta rabin awa bayan asuba ko bayan la'asar tana rage shi, tana kuma rage ƙawar.

Abin da nake sa kowane majiyyacina ya yi, kai ma ka yi shi yau da dare kafin ka kwanta. Ɗauki littafin da kake rubuta awon mutane, buɗe shafin ƙarshe, sa kwanan wata, ka rubuta yadda kwana taran nan suka kasance ba tare da ka rage komai ba: daren da ka kwana kana juyi, tarin, faɗan da ka yi da maiɗakinka a kan abin da bai kai ya kawo ba, da maganar da ta faɗa maka. In rubutu zai yi maka wuya, ɗauki muryarka a waya. Duk ranar da za ka je ɗaurin aure ko suna ko wata majalisa da ka san za a kunna, karanta shi kafin ka fita. Kuɗin da kake kashewa kullum kuma ka riƙa jefawa a asusu, ka ba maiɗakinka ta ajiye. In ka cika kwana 30, ka sake rubuto mini, ka faɗa mini yadda barci da tarin suke, da ko ka rage goron.